Malamin da ya zo daga nesa: wa ke ɗauke da shi?



Wata rana da dare, bayan mun tashi daga karatu, gardama ta ɓarke tsakanin dattawa biyu cikin ɗalibaina. Zancen malaman da ne ya kawo ta. Na fari ya ce sa'ad da yana yaro a Maraɗi ya ga Turawan da ke koyarwa a kwaleji, kuma shi a ganinsa tausayinmu ne ya raba su da ƙasarsu. Na biyu ya yi dariya, ya ce ai kuɗi ne. Ya taɓa yi ma ɗayansu gadi, ya ga gidan, ya ga motar, ya ga firigon. Suka juyo gare ni, suka ce in raba su.

Na ce masu abin da ke cikin zuciyar mutum Allah kaɗai ya san shi, amma aljihun da ya biya ana iya bin sawunsa. Malami in zai bar garinsu ya tafi wata ƙasa koyarwa, abu biyar yake bukata: kuɗin hanya, masauki, abinci, magani in ya yi ciwo, da ɗan abin da zai koma gida da shi. A kowane zamani akwai wanda ya ɗauki nauyin waɗannan biyar. Zo mu bi zamunnan ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga cewa mai biyan malami shi ke yanka ranar zuwansa, shi ke kuma yanka ranar tafiyarsa.

Zamanin da gari ke ɗaukar malaminsa

Malami baƙo ba sabon abu ba ne gare mu. Wajen shekara ta 1492, Shehu Magili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ƙetaro hamada. Ya sauka Azbin da Tigidda, ya wuce Kano da Katsina, daga baya ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa ne ya karɓe shi, kuma Shehun ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙe sarauta. Mutanen unguwar Sharifai a Kano suna danganta asalinsu da shi.

Ba wata gwamnati a Tilimsan da ke aiko ma Magili albashi. Inda ya sauka, nan ake ɗauke da shi. A Barno sarakuna kan rubuta ma babban malami takarda da ake kira maharam, wadda ke yafe masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa. A ƙauye kuwa, ka san yadda ake yi, don ba a daina ba. Mai gari ya ba malami masauki, a yanka masa gona, almajirai su nome ta. Iyaye su ba da kuɗin Laraba. In kaka ta yi a kai masa zakka, ran saukar karatu a yi masa alheri.

Wannan hanya tana da nata aibu. In fari ya zo, rumbun malami shi ma ya bushe, sai ya naɗe buzunsa ya yi gaba. Amma dubi amfaninta: da yake gari ke ciyar da shi, gari yake kallo. Da yawa cikin irin waɗannan baƙi sun yi aure, sun haihu, an rufe su nan. Jikokinsu su ne limaman garuruwa da dama a yau.

Zamanin Nasara: lanhon talaka

Da Faransa ta kama ƙasashen nan, ta haɗa su ƙarƙashin babban gwamna guda, wanda daga baya ya zauna Dakar. Nijar ta zama yanki mai gwamnanta a 1922, kuma a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Aka buɗe makarantun boko kaɗan, don a samu tafintoci da magatakarda. To, ina za a samu masu koyarwa?

Iri biyu aka kawo. Akwai Faransawa, su ne daraktoci da masu duba makarantu. Akwai kuma baƙar fata daga Sanagal, da ƙasar Mali ta yau, da Dahome, wato Benin ta yau, da Togo. Mutanen Dahome da Togo sun riga mu boko nesa, don ƴan mishan sun buɗe makarantu a bakin teku tun wajen 1860 da wani abu. Mafi ilmi cikin malaman nan sun fito ne daga makarantar horon malamai ta William Ponty a Sanagal. Ɗan Nijar na farko da ya fito daga can da takardar malanta shi ne Bubu Hama, a 1929. Malamin Dahome kan hau jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Paraku, inda dogo ya ƙare, ya shiga babbar mota, ya ƙetare kogi a Gaya, sa'an nan ya nufi Dogondutsi, ko Tawa, ko Tasawa, inda aka tura shi.

Wa ya biya? Nan ne mutane da yawa ke kuskure. A ran 13 ga Afrilu 1900 Faransa ta kafa doka cewa kowace ƙasa da ta mallaka ita za ta biya ma'aikatanta na farar hula daga abin da take tarawa. Ke nan albashin mushe, da gidansa, da kuɗin tafiyarsa, daga baitulmalin nan suke fita. Baitulmalin nan kuwa mafi yawansa lanho ne da jangali. Kakanka da ya sayar da akuya don ya biya kuɗin kansa, shi ya biya malamin, ko da ɗansa bai taɓa taka lakwal ba.

Biyan kuma ba daidai yake ba. Bafaranshe yana da albashinsa irin na Faransa, a ƙara masa wani kaso babba saboda ya yi nesa da gida. Ana ba shi gida. In ya yi kamar shekara biyu, sai a biya masa jirgin ruwa, shi da iyalinsa, ya tafi hutun watanni. Malamin Dahome, wanda shi ma ya bar gida, ba ya samun kwatankwacin wannan. Ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ta kuka. A ran 30 ga Yuni 1950 majalisar Faransa ta karɓi dokar da ɗan majalisa Lamin Gey na Sanagal ya kawo, wadda ta hana bambanta albashi da alawus saboda launin fata ko asali. Amma da aka zo aiki da ita, aka raba ma'aikata hawa hawa, ƙarin da ya fi tsoka ya tafi ga hawan sama, inda Faransawa suka fi yawa.

Darasin Gine

A ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dagol ya tambayi ƙasashen nan: za ku zauna tare da Faransa, ko kuwa a'a? Gine kaɗai ta ce a'a, ta zama ƴantacciya ran 2 ga Oktoba. Cikin ƴan watanni Faransa ta janye ma'aikatanta, har da malamai. Lokacin buɗe makarantu ne. Yara suka zo aji, ba mai koyarwa.

Sai wasu ƴan Afirka masu ilmi suka bar ayyukansu masu kyau suka tafi Konakiri. Akwai Jozef Ki-Zerbo, masanin tarihi, mutumin Burkina Faso ta yau. Akwai namu, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, malamin kimiyya, wanda ke koyarwa a babbar lise ta Dakar. Waɗannan ba kuɗi ya kai su ba, sun ma yi asarar matsayinsu a aikin Faransa. Amma yawancinsu ba su daɗe ba. Baitulmalin Gine ba shi da ƙarfi, siyasa kuma ta yi zafi, har a 1961 gwamnati ta kama shugabannin ƙungiyar malamai. Abdu Mumuni daga baya ya koyar a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya riƙe ofishin binciken hasken rana. Sunansa aka sa ma jami'ar Yamai a 1992.

Shugabannin sauran ƙasashe sun ga abin da ya samu Gine. Sun gane cewa makarantar da malamanta ke hannun wani, ana iya rufe ta daga nesa, ba tare da an harba bindiga ba.

Koperan

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai. Shugaban farko, Jori Hamani, shi kansa malamin makaranta ne daga William Ponty, ya ma taɓa zama malami baƙo, don ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Pari. A lokacin, cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta, waɗanda ke ciki ba su wuce huɗu ko biyar ba. Ƴan ƙasa da za su iya koyar da lissafi ko kimiyya a lise ana ƙirga su da yatsu. Ba jami'a: sai 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973.

Don haka a ran 24 ga Afrilu 1961 Nijar, tare da Kodibuwa da Dahome da Burkina ta yau, ta sa hannu kan yarjejeniyar taimakon juna da Faransa. An sake duba ta Nijar a 1977. Ma'aikatan da Faransa ke aikowa ta wannan hanya su ake ce ma koperan. Ga yadda aka raba nauyin. Faransa ke biyan albashi, tare da ƙari mai yawa bisa abin da mutum zai samu a gida, da kuɗin jirgin sama nasa da na matarsa da ƴaƴansa, zuwa da komawa. Ƙasar da ta karɓe shi ita ke ba shi gida da kayan ɗaki, ta kuma zuba wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata bisa kowane mutum guda. Kwantaragin yawanci na shekara biyu ne, ana iya sabuntawa. In an ba da babban hutu, malami ya tafi gida ya dawo.

Akwai kuma samari. A Faransa a lokacin tilas ne saurayi ya yi aikin soja. Dokar 1965 ta ba mai ilmi zaɓi: maimakon bariki, ya tafi wata ƙasa ya yi aiki wata 16. Su ba albashi ake ba su ba, alawus ne na zaman gari, don haka sun fi sauƙin kuɗi. Da yawa cikin waɗanda suka koyar a kwalejojin Damagaram da Tawa da Maraɗi irin waɗannan ne. Sun fito jami'a ke nan, wasu ba su taɓa riƙe alli ba.

A shekarun 1970, koperan da ke ƙasashen Afirka na kudu da hamada sun kai wajen dubu goma, kuma fiye da rabinsu malamai ne. Kodibuwa ta fi kowa yawansu, don tana da kuɗin koko da kofi, har ta yarda ta riƙa biyan mafi yawan kuɗinsu da kanta.

Kada mu ci amanar gaskiya, ya mai karatu. Likitocinmu da injiniyoyinmu na farko ta hannun mutanen nan suka bi, kuma cikinsu akwai waɗanda suka yi aiki tsakaninsu da Allah. Amma tsarin yana da lahani uku. Na ɗaya, an kawo su ne su cike gurbi, ba a ɗora masu horon wanda zai gaje su ba. Na biyu, littafi da jarrabawa da harshe duk irin na Faransa suka zauna, don da su malamin ya saba. Na uku, ɗan ƙasa da ya dawo da takarda iri ɗaya da ta koperan, yana koyarwa a ajin da ke kusa da nasa, albashinsa bai kai ko kusa da na baƙon ba, gida kuma sai ya yi haya. Wannan ya sa wasu masu ilminmu suka guje ma alli, suka nemi ofis. Gurbin ya sake buɗewa, aka sake roƙon koperan.

Baƙin da ba su da mai tsaya masu

Mu koma ga mutanen Dahome da Togo. Bayan ƴancin kai da yawa sun zauna nan, suna koyarwa, suna aikin gidan waya da asibiti da baitulmali. Amma yanzu ba babban gwamnan Dakar a bayansu. Gwamnatin Nijar ke biyansu, su kuma ƴan wata ƙasa ne.

A watan Oktoba 1963 soja suka sauke Shugaba Maga na Dahome. Zumunci ya ɓaci tsakanin Yamai da sabbin masu mulki, rigimar tsibirin Lete da ke cikin kogi kusa da Gaya ta taso. A ƙarshen shekarar gwamnatin Nijar ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, dubban mutane suka ƙetare kogi da iyalansu. Azuzuwa suka zauna ba malami a tsakiyar shekarar karatu. Rigimar Lete kuwa ba ta ƙare ba sai ran 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta ce tsibirin na Nijar ne. Yaran da suka rasa malami a 1963 sun yi jikoki kafin a yanke wannan hukunci.

Irin haka ya faru ga maƙwabtanmu na kudu. A 1976 Najeriya, da kuɗin man fetur, ta buɗe firamare kyauta ga kowane yaro. Malamai suka yi ƙaranci. Dubban malamai ƴan Gana suka shigo da ƙafarsu, jihohin arewa kuma suka ɗauko wasu da kwantaragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar, da alkawarin gida da kuɗin jirgi. Da farashin mai ya faɗi, a watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Ƴan Gana wajen miliyan guda suka fita, ƴan Nijar ma da yawa abin ya shafe su. Malaman da ke aikin gwamnati an ba su lokaci su gyara takardunsu. Duk da haka da yawa sun tafi cikin shekarun da suka biyo, don albashi ya fara jinkiri, naira kuma ta rage daraja.

Ƴan sa-kai na Amurka

Amurka ta bi wata hanya daban. A ran 1 ga Maris 1961 Shugaba Kenedi ya kafa ƙungiyar ƴan sa-kai mai suna Peace Corps, wadda a nan aka fi sani da sunanta na Faransanci, Corps de la Paix. Ayarin farko, malamai wajen 50, ya sauka Gana a watan Agusta na shekarar. A 1962 mutum bakwai suka iso Nijar, suna koyar da Ingilishi.

Dabarar biyansu ita ce abin lura. Gwamnatinsu ke biyan jirgi da magani da horo, har da koyon Hausa ko Zabarmanci. A nan kuwa, ana ba ɗan sa-kai abin da zai ishe shi ya zauna kamar abokin aikinsa ɗan ƙasa. Sauran kuɗin ana ajiye masa can gida. A farko dala 75 ce kowane wata. Kula, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A lokacin dalar Amurka guda tana kusa da tamma 247. Ɗauki alli ka yi lissafi tare da ni: dala 75 ta kama jika 18 da rabi. Cikin wata 24, dala 1.800 ke nan, wajen jika 444. Wannan kuɗi ba ya ganin su sai ya koma, don ya kama haya ko ya ci gaba da karatu.

Shi ya sa a ƙauyuka aka ga Bature a ɗakin laka, yana shan fura, yana gaisuwa da Hausa har da karin magana. Ni kaina na tashi na tarar da wata a garinmu, mata suka raɗa mata sunan Hausa, har yau da shi ake tunawa da ita. Sai dai mu tuna talaucinta na wa'adi ne. In ta yi ciwo mai tsanani, mota za ta zo ta ɗauke ta, abin da maƙwabciyarta ba ta da shi.

Fiye da mutum 3.000 suka yi wannan aiki a Nijar. A watan Janairu 2011 aka sace samari biyu Faransawa a Yamai, suka rasa rayukansu. Cikin ƴan kwanaki aka kwashe ƴan sa-kai duka, su kusan ɗari, bayan shekara 49 ana tare. Ba mai garin da aka yi shawara da shi. Wanda ke biya ya ga hatsari, ya kira mutanensa, kuma ba za a ce bai da hujja ba. Wasu ko ban kwana ba su samu yi ba.

Taimakon ɗan'uwa

Ba Turawa kaɗai ke aiko da malamai ba. Tun da aka buɗe madarasar Sayi a 1957, makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci sun samu malamai daga ƙasashen Larabawa, musamman Masar, wadda jami'arta ta Azhar ke tura malamai ƙasashen waje bisa kuɗinta. Jami'ar Musulunci ta Sayi ma, wadda taron ƙasashen Musulmi a Lahor ya yanke shawarar ginawa a 1974, da gudummawar ƙasashen waje take tafiya, kuma ta sha wahala a lokutan da gudummawar ta yi jinkiri.

Najeriya kuma a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida da ministansa na harkokin waje Bolaji Akinyemi, ta kafa nata shirin ƴan sa-kai. Ta ga cewa in ta ba ƙasa tsabar kuɗi ba a sanin inda suka shiga, gara ta aika mutum. Malamai da likitoci da injiniyoyi kan tafi shekara biyu ƙasashe irin su Gambiya da Uganda, har Fiji can tsakiyar teku. Najeriya ke biyan jirgi da alawus, kashi guda a hannu, kashi guda a ajiye a gida. Ƙasar da ta karɓa ta ba da masauki. In ka lura, an ɗauki rabon nauyi irin na koperan, an haɗa da ajiya irin ta Amurkawa.

Yadda zamanin koperan ya ƙare

A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmalinmu ya yi rauni. Gidajen koperan da kason wata wata suka zama kaya mai nauyi. A gefe guda jami'ar Yamai da makarantun horon malamai sun fara fitar da ƴan ƙasa. Faransa ita ma ta ga kuɗin sun yi mata yawa, ta riƙa rage mutanenta shekara bisa shekara.

A watan Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa. Da, tamma 50 ke sayen faran guda na Faransa, aka wayi gari sai tamma 100. Wanda ake biya da kuɗin Faransa, abin da ke hannunsa ya ninka cikin dare ɗaya in ya canza. Malamin gida kuwa albashinsa na nan yadda yake, magani da littafi da man fitila suka hau. A 1997 Faransa ta kafa dokar dakatar da aikin soja na tilas, daga baya hanyar samarin nan ta toshe. A 1999 ma'aikatar da ke kula da koperan ta narke cikin ma'aikatar harkokin waje. Azuzuwan kwaleji da lise suka koma hannun ƴan ƙasa. An daɗe ana fatan haka, amma abin ya zo a lokacin da gwamnati ke bin malamanta bashin watanni, har daga 1998 ta fara ɗaukar malaman kwantaragi da ƙaramin albashi.

Abin da na gaya ma dattawan nan

Na ce ma na fari: ka yi gaskiya, akwai waɗanda zuciya ta kawo su, kamar yadda ta kai Abdu Mumuni Konakiri. Na ce ma na biyu: kai ma ka yi gaskiya, gidan da ka yi gadi da kuɗin ƙasar nan aka tanade shi, kuma ba don shi ba, mai gidan ba zai zauna ba. Mai kyakkyawar niyya ma sai ya ci abinci. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, a 1958 da 1963 da 1983 da 2011, ba ɗalibi ko uban ɗalibi da aka tambaya kafin malami ya tafi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, amma ba a shuka da ita.

Don haka in ka ji an ce za a kawo malamai daga wata ƙasa, ko wata ƙungiya ta zo garinku da mai koyarwa, ku karɓe shi hannu biyu biyu, ku ba shi ruwa ya sha. Sa'an nan a taron iyayen yara ka tashi ka yi tambaya uku. Wa ke biyansa? Har yaushe za a biya shi? Wane ɗan gari ne zai zauna kusa da shi yana koyo, don ya riƙe ajin ranar da baƙon ya tafi? In ba a amsa ta ukun ba, ka sake tambaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma ka manta da baƙon da ya fi kusa. Yarinyar da aka turo daga Gaya ko Agadas ta koyar a ƙauyenku, ita ma ta bar gida, ita ma tana bukatar abu biyar ɗin nan. Ba jakada a bayanta, ba wanda ke ajiye mata dala a banki. Sau da yawa sai ta yi tafiyar yini kafin ta karɓi albashinta, aji yana rufe. Lokacin da nake makarantar horon malamai, mun fi tsoron rashin masauki bisa rashin alli. Garin da ya gina ma malami ɗaki, ya taimake shi da ruwa da itace, ya auna masa hatsi in kaka ta yi, ya fi samun malamin da zai kai ƙarshen shekara. Kakanninmu sun yi ma malaman allo haka tun kafin a san albashi.

Dattijon da ya yi gadi shi ya fara kawo azara guda biyu. Ɗakin malamar garinmu yanzu saura yaɓe.

Ka karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna, ku tattauna a dandali. Allah ya ba mu damina mai albarka.